Abin da Ke Gindin Jarka

Motata a-kori-kura ce mai shan gas, wato dizal, kuma ta girmi babbar 'yata nesa ba kusa ba. Ban san hannu nawa ta bi kafin ta iso gare ni ba, na dai san duk wanda ya riƙe ta bai ji tausayinta ba. Litinin zuwa Juma'a ina koyarwa a wata firamare a cikin garin Birnin Gwari. Ranar Asabar sai in ajiye alli in ɗauki makulli, in bi ayarin motoci mu ratsa daji zuwa ƙauyukan wajen Kuyello, in kwaso masarar gonarmu da ta duk wanda ya roƙe ni. Da wannan zirga-zirgar gidanmu ke cin abinci.

Hanyar tana da doka guda, ba wanda ya rubuta ta, ba kuma wanda bai san ta ba: ba a tsayawa. Mukan taru a bakin gari da hantsi, mota shida ko bakwai, mu tashi tare. In tayarka ta fashe, ka ci gaba a kan ƙarfe. In injinka ya mutu, na bayanka zai kauce ya wuce yana yi maka addu'a, kai ma ba za ka ga laifinsa ba, don da kai ne haka za ka yi. Mutanen daji ba sa nisa da hanya, kuma mota a tsaye suke jira. Ƙanena, autan Inna, haka ya tafi. Motar hayar da ya shiga ce ta lalace musu a tsakiyar dajin, aka zo aka kora su gaba ɗaya. Wasu sun dawo bayan watanni. Shi har yau ba mu ji muryarsa ba, ba mu kuma ga gawarsa ba. Mu biyu Inna ta haifa maza, sai ya zama saura ni.

Na faɗi wannan tun da wuri ne don a gane abin da ya sa ɗan rawar da injin motata ya fara ya hana ni jin daɗin tuwo.

A shekarar da aka hana sayar da mai a jarka, aka rufe kasuwannin ƙauye, gas ya zama abin nema ido rufe. Tankar mai sai ta ga dama take shigowa gari, in ta shigo kuma ɗan abin da za a zuba maka ba zai kai ka ya dawo da kai ba. A daidai lokacin matata, wadda sana'arta ƙuli-ƙuli ce, ta rasa masu sayen man gyaɗa. Ƙulin yana tafiya a unguwa, amma man ya taru mata a ɗaki har ta fara yi masa tsaki duk sa'ad da ta yi tuntuɓe da shi.

Bakanikena mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, ya fi shekara talatin a garin nan, Hausarsa har ta fi tawa gishiri. Ni ina kiransa Oga, shi yana kirana Tica. Shi ya kawo shawarar, wata rana ina yi masa ƙorafin gas a garejinsa.

"Tica, tsohon injin nan naka ba shi da iyayi irin na motocin zamani," in ji shi. "Ka ba shi gas kashi uku, man Uwargida kashi ɗaya. Zai ci ya gode maka."

Na ce masa ya raina mini hankali, mota ba miyar kuka ba ce. Ya ce in gwada, in ta ƙi, ya yarda in daina gaishe shi. Na gwada, ta ci kuwa. Sai dai salansa, wato bututun hayaƙi, ta koma fitar da ƙamshin suya, har direbobin ayari suka sa mini suna mai ƙosai. Ban damu ba, su suna kwana uku suna jiran tanka, ni ina tafiyata.

Muka tsara abin haka. Ranar Alhamis matata za ta tace mai ta cika ƙaramar jarka, ta ajiye a inuwar rumbu, kusa da ƙofar ɗakin Inna. Asabar da safe in ɗauka in juye a tankin mota. Ni kuwa ba na barin komai a gindin jarka, sai na kifa ta na girgiza ɗigon ƙarshe ya faɗa. Wata biyu muka yi a haka ba ko tari.

Daga nan ta fara. In ina gudu, lafiya lau. Amma da na ɗaga ƙafa daga totur injin ya koma silo, wato ɗan numfashin da yake yi in mota na tsaye, sai ya shiga tangaɗi. Ya yi kamar zai mutu, ya farfaɗo, ya sake komawa. Sitiyari na karkarwa a hannuna, madubi na rawa har ba na gane abin da ke bayana, salansa na tofar da farin hayaƙi guntu-guntu. Hanyarmu kuma duk ramuka ce da kwazazzabai, dole ka ɗaga ƙafa sau ba adadi. Kowane rami gabana sai ya faɗi.

Na kai wa Oga. Ya saurari injin yana karkata kai, sannan ya kwance filtar gas. Ta yi baƙi ƙirin, tana danƙo a hannu.

"Garin ƙuli ne," ya ce. "Ai a cikin man ake soya shi. Ka ce wa Uwargida ta riƙa ninka ƙyallen tacewa."

Ya sa sabuwa, motar ta yi kwana goma lafiya, ta koma gidan jiya. Ya ce to iska ce ta shiga layi. Ya sassauta wani ɗan noti, ya yi ta danna ƙaramin famfon hannun da ke kan filta har gas ya fito ba kumfa, ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya yana neman tsaga, bai samu ba. Ya ce wataƙila man ya yi wa injin kauri da safe, in rage shi, in kuma shanya jarkar a rana ta yi ɗumi kafin in zuba. Na rage, na shanya. Banza. Na fara yi masa magana mai zafi, don ni haƙurina ba shi da tsawo, duk wanda ya zauna da ni ya sani. Na ce shekara talatin yana shafa baƙin mai a riga, ashe duk ado ne. Shi dai ya ce in bar masa motar zuwa gobe.

Kashegari na tarar ya cire nozul guda huɗu, su ne ke fesa gas a cikin injin, ya jera su a kan kwali. Ya ɗaga ɗaya ya nuna mini bakinta da farce.

"Mene ne wannan, Tica?"

"Tsatsa."

"To mai ba ya kawo tsatsa. Ruwa na shiga motar nan."

Nan take na yanke hukunci, ban ko tsaya tunani ba. Duk wanda ya taɓa ganin aikin ƙuli ya san da ruwan zafi ake murza tunkuza kafin ta saki mai. Na koma gida na tarar da matata a gindin murhu, ko sallamar kirki ban yi ba na hau ta da faɗa. Na ce ganda take yi, ba ta dafa man ya tsane, so take ta zama bazawara da ƙuruciyarta. Ta bar ni na gama tsaf.

"Malam, shekara goma sha biyu ina wannan sana'a, ba a taɓa dawo mini da kwalba ba," ta ce. "Zauna nan."

Ta ɗora man a wuta a gabana, ya yi zafi har ya fara hayaƙi, bai yi ƙara ko sau ɗaya ba. Ta tsoma tsinke mai auduga a ciki ta kunna, ya ci shiru kamar fitila. Sannan ta ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a kaskon, ya fashe da tartsatsi har na ja ƙafata baya.

"Ka ji yadda mai ruwa ke yi. Nawa ka ji ya yi?"

Ban ba ta haƙuri ba. Na tashi ina gunaguni cewa ai yau ne ta kula don ina wurin. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta duk wannan abin, tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka tsakanina da ita akwai kunya irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunana, ba ta shiga maganata, ko ciwo nake yi sai dai ta tambayi matata yaya mai gidan ya kwana. Ban taɓa jin ta ce mini ka kula da kanka ba. In zan tafi daji, Allah ya tsare kawai take cewa, idonta na kan abin da take yi.

Oga ya wanke nozul ya mayar, ya ɗan ƙara wa silon ƙarfi da sukurdireba don kada injin ya riƙa sauka ƙasa sosai. Ya ce wannan dabara ce kawai, ba magani ba, kuma in da shi ne da ya huta wannan Asabar ɗin. Na ce masara na jibge a gona, in ban kwaso ba wasu za su kwashe mini. Na tafi.

Zuwa lafiya. A dawowa, da lodi har sama, muka iso wani rafi da ba shi da gada, inda dole kowa ya gangara a giya ɗaya, ya taka duwatsu, ya haura. Ni ne na uku a ayari. Na gangara, motar ta yi tsalle a kan dutse, na ɗaga ƙafa. Injin ya yi tari biyu ya yi shiru.

Na murza makulli. Ya juya, bai kama ba. Na sake, bai kama ba. Mota huɗun da ke bayana suka kauce ta gefen yashi suka haura ɗaya bayan ɗaya. Direban ƙarshe abokina ne, tare muka yi makarantar allo. Ya ɗaga mini hannu bai dube ni ba. Ina jin ƙararsu tana nisa har ta ɓace, sai ƙarar ruwa a ƙarƙashin mota da kukan wani tsuntsu. Wallahi ban taɓa sanin tsoro yana da ɗanɗano a baki ba sai ranar. Na fito na buɗe bonet, na tuna yadda Oga ke yi, na sassauta notin na hau danna famfon hannu. Abin da ya fara fitowa ba gas ba ne, wani ruwa ne mai duhu. Ina dannawa ina salati, sai na jiyo ƙarar babur daga can cikin itatuwa. Ko ɗaya ne ko biyu, ko ma manomi ne yake komawa gida, har yau ban sani ba. Na ɗaure notin da yatsu, na faɗa ciki, na murza. A karo na uku ta kama. Ban ɗaga ƙafa daga totur ba har bakin gari, buhu biyu sun faɗi a hanya ban waiwaya ba. Da na tsaya sai na ga bonet ɗin ma ban rufe shi da kyau ba.

A gida ban gaya wa kowa ba. Na ce rami ne ya ci buhunan.

Litinin bayan an tashi makaranta na kai wa Oga, na gaya masa komai. Sannan ya shiga ƙarƙashin motar ya kwance notin gindin tanki, ya tara roba. Kafin gas ya fara zuba, baƙin ruwa ne ya fito, ya kusa cika kwanon sha.

"Wannan ba daga gidan mai ya zo ba," ya ce. "Da na gidan mai ne, da duk motocin garin nan suna garejina. Ka yi mini abu ɗaya. Wannan makon ka tsaya a kan man da kanka har a rufe jarka. Kada ka juye a mota. Ka kawo mini ita ranar Juma'a da la'asar."

Haka na yi. Ranar Alhamis na tsaya a kan matata kamar mai gadin jarrabawa, ita kuwa ko kallona ba ta yi. Ni na wanke jarkar na shanya ta bushe, ni na riƙe mazurari, ni na ɗaure murfi na ajiye a inuwar rumbu. Juma'a bayan masallaci na ɗauka na kai gareji.

Oga ya tsiyaye man a hankali a cikin wani daro, garau, ja mai kyau. Da ya rage kaɗan sai ya tsaya, ya ɗauko farar kwalba ya juye sauran a ciki, ya ɗaga ta saitin rana. Mai a sama. A ƙasa, kamar faɗin yatsu uku, baƙin ruwa kwance.

Jarkar nan ba ta fita daga gidana ba. Wato wani yana shigowa har tsakar gidana, ya kwance murfi, ya zuba abin da zai kashe mini mota a daji. A wannan zamanin kowa ya san akwai masu kai wa mutanen daji labari, kuma ba daga sama suke faɗowa ba, a cikinmu suke. Na fara jera mutane a raina: maƙwabcin da muka yi cacar baki kan magudanar ruwa, matan da ke shigowa sayen ƙuli, har abokin nan da ya wuce ni a rafi. Na ce wa Oga yau sai an kwana a ofishin 'yan sanda.

"Dakata tukuna," ya ce.

Ya tsiyaye man saman, ya ɗiga baƙin ruwan a tafin hannunsa ya murza da yatsa. Ya shinshina. Sannan ya karyo tsinken tsintsiya ya tsoma, ya ja layi a kan farin kwalin filta. Layin ya fito, dishi-dishi amma ya fito. Ya ƙara ja, ya yi wata 'yar lanƙwasa. Sai na ga fuskarsa ta sauya, ya ajiye tsinken a hankali, ya goge hannunsa da tsumma mai tsabta, ba wanda yake goge baƙin mai da shi ba.

"Tica, kai da ka yi allo, ni zan gaya maka?"

Na dangwala yatsa na kai bakina. Gawayi da ƙaro. Ɗanɗanon da na sani tun ban san harafi ba. Tawada ce. Rubutun sha ne, irin wanda malami ke rubuta ayoyi a allo ya wanke a ba mutum ya sha don neman tsari.

Na nemi wuri na zauna a kan wata tsohuwar taya. Mutum ɗaya ce a gidana ke karɓo rubutu, Inna. Duk safiyar Juma'a wani dattijon malami na unguwarmu yana aiko mata da shi a 'yar kwalba, ni kuwa a zatona na ciwon ƙafarta ne. Na tuna makonnin da na yi ina kifa jarka ina girgizawa don kada ɗigo ya rage. Ayoyin Allah nake juyewa cikin tankin gas da hannuna, suna ƙonewa, suna fita ta salansa. Ƙaron shi ke toshe filta, ruwan shi ya tara a gindin tanki har tsallen rafi ya kaɗa shi ya shiga layi. Na rasa wanda ya fi girgiza ni, ƙona ayoyin da na yi ko kuwa cewa rubutun Inna ne ya tsayar da ni a rafi.

Oga ya tsuguna a gabana. "Ji nan. Na sha gani a aikin nan. Wasu direbobin a lagireto suke zubawa, tunda can dama wurin ruwa ne, wasu su shafa a sitiyari. Kada ka gaya wa tsohuwa abin da ya faru a rafi. Ka ce mata ka gane, ka gode, ta riƙa ba ka a hannu. Kai ka san yadda za ka yi da shi. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Ƙarya nake yi. Tsoron da na haɗiye tun ranar Asabar ne ya taso ya zama fushi, kuma tun daga garejin har gida ba abin da ya yi sai ƙaruwa.

Na tarar da ita a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, faifai a cinya, tana ɓare gyaɗa. Matata na gefe tana kwashe ƙuli. Na dangwarar da kwalbar a gaban Inna, ban ko durƙusa ba.

"Inna, wannan naki ne?"

Ta dubi kwalbar, ta kawar da kai. "Wa ya ce ka buɗe?"

"Tun yaushe kike zubawa?"

"Tun da aka fara yankan masara." Muryarta ƙasa-ƙasa, irin ta wanda aka kama da abin kunya. "Ban zuba a gas ba, na san ƙazanta ne. Man gyaɗa kuwa abinci ne, a gidan nan aka yi shi, da tsarkinsa. Da bisimilla nake zubawa."

"To me ya sa a mota? Mota mutum ce?"

Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta. Sannan ta ce, "Ɗan'uwanka ya sha. Da hannuna na ba shi ranar da zai tafi, ya shanye tas a gabana. Shi lafiyarsa ƙalau. Motarsu ce ta tsaya."

Da mai hankali ne ni, da a nan na tsaya. Tun da aka ɗauke shi ban taɓa jin ta ambace shi ba sai ranar. Matar da kunya ta hana ta ce mini ka kula, ashe duk Juma'a sai ta faki idon kowa, ta ja ƙafarta mai ciwo zuwa gindin rumbu, ta kwance murfin da ni kaina sai na sa ƙarfi. Duk wannan na gane shi a lokacin, ba daga baya ba, shi ya sa ba ni da uzuri. Bakina ya riga ya buɗe.

"To bari in gaya miki aikin da rubutunki ya yi. Asabar ɗin da ta wuce motar nan ta mutu da ni a tsakiyar rafi. Ayari ya wuce ya bar ni ni kaɗai. Ina jin babura suna tahowa. Ruwan nan ne ya kashe ta, ba wani abu ba. Da an ɗauke ni, Inna, da hannunki kika miƙa ni."

Matata ta saki matsami a cikin kasko. "Malam, ya isa."

Inna ba ta yi kuka ba. Ta sauke faifan daga cinyarta ta ajiye a ƙasa, ta buɗe tafukan hannunta biyu tana kallonsu kamar ba nata ba. Can ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki ta saki labule. Gyaɗar na nan a wurin har kaji suka zo suka fara ci, matata ce ta kore su.

Wannan Asabar ɗin ban yi tafiya ba. Oga ya sauke tankin gaba ɗaya ya wanke ya shanya, ya sake filta da tiyo. Da ya tayar da motar, silonta ya zauna daram, ko ruwa ka ɗora a bonet ba zai zube ba. Ya tambaye ni yaya tsohuwa. Na gaya masa. Ya dube ni ya girgiza kai ya koma ƙarƙashin wata mota.

Na ba matata haƙuri, ta ce ita nata mai sauƙi ne, in je can inda na yi ɓarnar. Na je. Kowace safiya ina durƙusawa a ƙofar ɗakin Inna in gaishe ta, in ce ta gafarce ni. Ta ce ba komai, ba ka yi mini komai ba, gaskiya ka faɗa. Wannan amsar ta fi zagi ciwo. Ta daina zama a ƙofar ɗaki. In za ta zaga bayan gida sai ta bi ta can nesa da rumbu, alhali jarkar ma na ɗauke ta daga wurin. Abincinta ana kai shi ana dawowa da rabi.

Asabar ta zagayo. Da gari ya waye na tayar da mota na bar ta tana ɗumi a ƙofar gida, na shiga yi mata sallama. Wannan karon ban tsaya a bakin ƙofa ba, na ɗaga labule na shiga. Tana zaune a bakin gado. Da ta gan ni sai ta yi saurin tura wani abu ƙarƙashin mayafinta, amma na riga na gani. 'Yar kwalbar ce, cike.

Na durƙusa. "Inna, zan tafi."

"Allah ya tsare."

"Ki ba ni in sha."

"A'a."

"Don Allah, Inna. Ni na roƙa. Ko ki ba ni in shafa a sitiyari, haka direbobi ke yi."

"Na ce a'a." Ta fito da kwalbar ta riƙe ta da hannu biyu a ƙirjinta, kamar zan ƙwace. "Hannuna ba ya ƙara shiga tafiyarka. Na ba wancan, bai dawo ba. Na ba motarka, ka ga abin da na yi."

"To na wane ne wannan?"

"Nawa ne."

Ta cire murfin, ta yi bisimilla, ta kafa kai. Ina durƙushe ina kallon maƙogwaronta na motsi har ta shanye, baƙin ruwan ya ɗan gangaro ta gefen bakinta. Ta goge da bakin mayafi. Sannan, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na yi wayo, ta ɗago ta dube ni ido cikin ido.

"Ai daga jikina ka fito," ta ce. "In Allah ya so, zai same ka a can. Tashi, kada ayari ya tafi ya bar ka."